Siririn zaren gilashi da masana ke sauraron sararin samaniya da shi

A ranar Litinin 14 ga Satumban 2015, da misalin ƙarfe 10:50 na safe agogon Nijar da Najeriya, wasu madubai da ke rataye a cikin wata na'ura a jihar Louisiana ta Amurka suka ɗan motsa. Kafin ƙiftawar ido, wasu irinsu a jihar Washington, mai nisan kilomita 3,000 daga can, su ma suka yi irin wannan motsi.

Abin da ya motsa su ya taso ne daga karon wasu baƙaƙen ramuka biyu na sararin samaniya, ɗaya ya ninka rana nauyi sau 36, ɗayan kuma sau 29. Sun haɗe sun zama guda, kuma girgizar haɗuwar tasu ta yi tafiyar kimanin shekara biliyan 1.3 kafin ta iso duniyarmu.

Wannan ne karo na farko da ɗan Adam ya kama abin da Albert Einstein ya yi hasashensa tun 1916, wato kaɗawar sararin samaniya. An sanar da duniya a ranar 11 ga Fabrairun 2016, kuma a 2017 aka bai wa Rainer Weiss da Barry Barish da Kip Thorne kyautar Nobel a kan aikin.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kowane ɗaya daga cikin madubin nan yana rataye ne a jikin zare huɗu na gilashi, kowanne bai wuce kaurin gashin kai huɗu ko biyar ba. Idan ɗaya ya tsinke, na'urar da aka kashe wa sama da dala biliyan ɗaya za ta kurumce har sai an gyara. Shi ya sa har yau ake ta aikin inganta wannan zare.

Mece ce kaɗawar sararin samaniya?

A bayanin Einstein na 1915, sarari ba fili ba ne kawai da taurari ke yawo a cikinsa. Yana lanƙwasa idan abu mai nauyi ya zauna a cikinsa, kamar yadda katifa ke lotsawa a ƙarƙashin mutum. Idan manyan abubuwa biyu suna zagaye juna da gudu, lotsawar tana bazuwa ko'ina, kamar yadda ruwan tafki ke kaɗawa in an jefa dutse.

Duk inda kaɗawar ta ratsa, tana miƙar da tazara ta ɓangare ɗaya, tana matse ta ta ɗaya ɓangaren. Sai dai kafin ta iso nan ta yi sanyi ƙwarai.

Na'urar da ta kama ta, wadda ake kira LIGO, tana da hannu biyu da suka yi kusurwa kamar harafin L, kowanne kilomita huɗu. Bututu ne da aka zuƙe wa iska, hasken leza na kai da komo a cikinsa tsakanin madubai biyu. Idan tsawon hannu ɗaya ya sauya, haɗuwar hasken ce za ta nuna.

Sauyin da aka auna a 2015 ya gaza faɗin ƙwayar furoton, wadda ke can cikin cibiyar ƙwayar zarra, sau ɗaruruwa. Masu aikin kan kwatanta shi da auna nisan tauraron da ya fi kusa da rana, ba tare da an yi kuskuren da ya kai kaurin gashin kai ɗaya ba.

To, wanda zai auna abu irin wannan, dole madubinsa ya natsu fiye da komai a doron ƙasa.

Dabarar ragaya

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Tasawa ko Mayahi ya san ragaya, igiyar da mata ke rataye ƙwaryar nono ko fura a ɗaki don kada kiyashi ko yara su kai gare ta. Abin da ke rataye ya rabu da ƙasa, kuma abin da ke faruwa a ƙasan ba ya kai masa kai-tsaye.

Injiniyoyin LIGO ma rataya suka yi. Ƙasa ba ta taɓa tsayawa cik: mota na wucewa, iska na kaɗa bishiyoyi, ruwan teku na dukan gaɓa. Amma akwai wata ɗabi'a ta lilo da ke taimakawa. Ka riƙe igiya da dutse a ƙarshenta, ka motsa hannunka a hankali, dutsen zai bi ka. Ka karkaɗa hannun da sauri sosai, za ka ga dutsen kusan bai gusa ba.

Don haka aka jera lilo huɗu, wani a ƙarƙashin wani, kowanne yana rage girgizar da ta tsallake na samansa. Matakan sama suna rataye da wayar ƙarfe. Na ƙarshe shi ne madubin kansa: faɗinsa santimita 34, kaurinsa santimita 20, nauyinsa kilo 40, wato jarka biyu ta ruwa mai lita 20.

A wannan mataki na ƙarshe ne aka ga cewa ƙarfe ba zai yi ba.

Me ya sa aka bar ƙarfe?

LIGO ta farko, wadda ta yi aiki daga 2002 zuwa 2010, madubanta kilo 11 ne, an kuma rataye su da wayar ƙarfe. Shekara takwas ana saurare ba a ji komai ba.

Ɗaya daga cikin matsalolin ita ce zafi. Duk abin da ke da ɗumi, ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa ba sa daina rawa. Rawar ƙwayoyin da ke cikin waya tana girgiza madubin da ke rataye da ita, ko da an raba shi da duk wani motsi na waje.

Ba a iya hana wannan rawa, amma ana iya tattara ta wuri guda. Mai sayen tukunyar ƙasa a kasuwa yakan ƙwanƙwasa ta: in ta yi amo mai tsawo, lafiyarta ƙalau, in amon ya mutu nan take, akwai tsaga. Abin da amonsa ke daɗewa ba ya zubar da ƙarfin motsinsa, kuma kimiyya ta nuna cewa irin wannan abu yana tara rawar zafinsa ne a 'yan muryoyi ƙalilan, sauran wuraren su yi tsit. A wuraren da suka yi tsit ɗin ne ake sauraron sararin samaniya.

A wannan fanni, tataccen gilashin da ake kira silika ya fi ƙarfe sau ɗaruruwa. Tawagar Vladimir Braginsky a Jami'ar Mosko ta Rasha na cikin waɗanda suka fara tabbatar da haka a shekarun 1990. Na'urar GEO600, ta haɗin gwiwar Jamus da Birtaniya da ke kusa da birnin Hannover, ita ce ta fara rataye madubanta da zaren gilashi. Masanan Jami'ar Glasgow ta Birtaniya, waɗanda suka yi wancan aiki, su ne kuma suka tsara na sabuwar LIGO.

Silika dai ita ce ainihin sinadarin yashi, irin wanda ya cika gonakin jigawa na Mayahi. Bambancin kawai shi ne tsabta. Gilashin LIGO a masana'anta ake haɗa shi daga sinadarai, domin ɗigon ƙarfe ko na wani datti a cikinsa zai ɓata aikin.

Yadda ake kaɗin gilashi

Aikin ya yi kama da kaɗin auduga, sai dai wuta ce a madadin mazari.

Ana ɗauko sandar silika mai kaurin milimita uku, a haska mata leza mai zafi ta kowane gefe har ta yi laushi. Silika ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700 a ma'aunin Salshiyas. Daga nan inji mai aiki da kwamfuta ya ja ta, ta miƙe ta zama zare mai tsawon kimanin santimita 60.

A da da harshen wutar gas ake wannan aiki. An koma leza ne saboda ba ta barin datti, kuma ana iya daidaita zafinta yadda kowane zare zai fito daidai da ɗan'uwansa.

Kaurin zaren ba ɗaya ba ne daga sama har ƙasa, kuma da gangan aka yi haka. Tsakiyarsa milimita 0.4 ce, amma kusa da bakinsa biyu ya kai milimita 0.8. Dalili shi ne a nan yake lanƙwasawa idan madubi ya yi lilo. Gefen da ya matse yakan ɗan yi ɗumi, wanda ya miƙe ya ɗan yi sanyi, kuma kwararar zafi tsakaninsu na haifar da hayaniya. An gano cewa a daidai wannan kauri, da wannan nauyi, abubuwan da ke jawo hayaniyar suna soke juna.

Ita kuwa tsakiyar an sirantar da ita ne saboda zare da aka ɗaure da nauyi tsarkiya ne, kamar ta goge ko gurmi, yana da muryarsa. Gwargwadon sirantarsa a ƙarƙashin nauyi, gwargwadon tashin muryar. Zaren LIGO yana kaɗawa kusan sau 500 a daƙiƙa, wato sama da inda aka fi jin karon baƙaƙen ramuka. Saƙon 2015 ya taso ne daga kaɗawa 35 zuwa 250 a daƙiƙa.

Sai batun ɗauri. Ƙulli ko ƙusa ko gam duk suna goga, gogayya kuwa hayaniya ce. Don haka ana manna wasu ƙananan gilasai da ake kira “kunnuwa” a gefen madubin, da wani ruwan sinadari da ke sa gilashi ya kama gilashi kamar dama can abu ɗaya ne. An ƙirƙiro wannan dabara a Jami'ar Stanford don wani tauraron ɗan Adam mai suna Gravity Probe B. Bayan haka sai a yi wa zaren walda da leza a jikin kunnuwan. A ƙarshe madubi da zare da abin da ke samansu duk sun zama gilashi guda.

Ƙarfi da rauni

Mutane sun san gilashi da fashewa, amma sabon zaren silika da ba a taɓa ba ya fi yawancin wayoyin ƙarfe masu kaurinsa ƙarfi. Kowane zare a LIGO yana ɗauke da kilo 10, alhali a gwaji irinsa kan ɗauki abin da ya kai buhu mai kilo 50 kafin ya tsinke.

Sharaɗin shi ne kada komai ya taɓa shi. Ƙarfin gilashi a fatarsa yake. Ƙarzanen da ido ba ya gani ya isa ya zama mafarin tsaga, kuma danshin iska na ƙara faɗaɗa ta sannu a hankali. Zaren da yatsa ya shafa ya tashi daga aiki. Shi ya sa ake gwada kowanne da nauyin da ya fi wanda zai ɗauka kafin a amince da shi.

Turawa sun ga wannan rauni da idonsu. Na'urar Virgo da ke Cascina kusa da birnin Pisa na Italiya, mai hannuwa na kilomita uku, ta yi fama da tsinkewar zare a kai a kai a 2016, lokacin da ake sabunta ta. An daɗe ana neman dalili. Daga baya aka gano cewa ƙura ce: ƙananan ɓurɓushi daga wani famfon zuƙe iska, waɗanda iska ke harbowa da gudu su bugi zaren a lokacin da ake buɗe bututun.

Ga wanda ya saba share ƙurar hunturu daga kan gado kowace safiya, abin zai zo da mamaki, amma ƙwayar ƙura guda ta isa ta kayar da madubi mai kilo 42.

Lokaci ya ƙure, sai Virgo ta koma wa wayar ƙarfe na wucin gadi, ta shiga sauraro tare da LIGO a ranar 1 ga Agustan 2017, duk da cewa jinta ya ragu. Sa'a ta zo: a ranar 17 ga watan aka kama karon wasu taurari biyu masu tsananin nauyi da ake kira taurarin nuturon, a nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 130. Da yake na'urori uku ne ke aiki, an iya nuna ɓangaren sama da abin ya faru, kuma cibiyoyin hangen taurari kusan 70 suka juya can, ciki har da na Afirka ta Kudu. Hasken da suka gani ya ba da shaidar cewa a irin wannan karo ne ake samun ƙarafa masu nauyi kamar zinariya.

Bayan an gyara hanyoyin iska an kuma yi wa zaren kariya, an mayar da gilashi a Virgo kafin zangon sauraro na gaba da ya fara a Afrilun 2019.

Abin da ake son ingantawa

Zuwa ƙarshen 2021 an tattara saƙonni 90, kuma tun da aka buɗe zango na huɗu a watan Mayun 2023 adadin ya shiga ɗaruruwa. Amma masana na son jin saƙonni masu kaurin murya, waɗanda ke kaɗawa ƙasa da sau 10 a daƙiƙa, domin a nan ne manyan baƙaƙen ramuka suke, a nan ne kuma za a iya jin taurarin nuturon tun kafin su yi karo, a sanar da masu hangen taurari su shirya. A daidai wannan wuri hayaniyar zare na cikin abubuwan da ke toshe kunne.

Hanyoyin gyaran uku ne. Na farko, a ƙara wa madubi nauyi, domin abu mai nauyi ya fi wuyar girgizawa. Na biyu, a ƙara tsawon zare. Na uku, a sa zaren ya ɗauki nauyi mai yawa a kan kauri kaɗan, wanda hakan ke buƙatar zare marar aibi ko kaɗan. Masanan Glasgow sun nuna cewa daidaita ƙarfin leza a lokacin ja, da goge sandar da zafi kafin a ja ta, na fitar da zare mai ƙarfi da daidaito. A wani gwaji da suka wallafa a 2022, sun rataye nauyin kilo 160 a kan zare masu tsawon mita 1.2.

Ana wannan shiri ne don na'urorin gobe. Amurka na tsara Cosmic Explorer mai hannuwa na kilomita 40 da madubai masu ɗaruruwan kilo. Turai na tsara Einstein Telescope a ƙarƙashin ƙasa, mai hannuwa na aƙalla kilomita 10. Indiya kuma ta amince a 2023 da gina tata LIGO a jihar Maharashtra.

Japan ta bi wata hanya daban. Na'urarta KAGRA, da ke cikin dutse a Kamioka, tana sanyaya madubanta zuwa kusan digiri 253 ƙasa da sifili don rage rawar zafi. Sai dai a irin wannan sanyi silika na rasa kyawunta, don haka madubai da zarensu duk na dutsen safaya ne. Nan ma akwai ciniki: dole zaren ya yi kauri don ya fitar da zafin da leza ke barin wa madubi, kauri kuwa na ƙara hayaniya. Girgizar ƙasar da ta afka wa yankin Noto a ranar 1 ga Janairun 2024 ta lalata wasu daga cikin maratayan KAGRA, aka ɗauki watanni ana gyara.

Ina ruwan ɗan Tasawa?

Babu irin wannan na'ura a Afirka. Amma zaren silika bai yi mana nisa ba. Wayar fayiba da ke ɗauko intanet zuwa Yamai da Maraɗi da Kano ita ma zaren silika ce, mai kaurin milimita 0.125. Charles Kao, wanda ya nuna a 1966 cewa tataccen gilashi zai iya kai haske nesa, ya samu Nobel a 2009. Ɗan ci-rani da ke kiran gida ta bidiyo daga Libiya ko Faransa, muryarsa ta bi ta cikin irin wannan zare a wani ɓangare na tafiyarta.

Haka kuma aikin haske da madubi ba baƙo ba ne a tarihin yankin. A Tasawa aka haifi Abdou Moumouni Dioffo a ranar 26 ga Yunin 1929. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya wuce Faransa, inda a 1956 ya ci babbar jarrabawar malanta ta ƙasar a fannin fiziks. Ya koyar a Dakar da Konakiri, ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a Bamako, sannan ya dawo gida ya jagoranci hukumar makamashin rana ta Nijar, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985. A can aka yi aikin madubai masu tattara hasken rana, da na'urorin dafa abinci da ɗumama ruwa. Ya shugabanci Jami'ar Yamai daga 1979, ya rasu a ranar 7 ga Afrilun 1991, kuma yau jami'ar sunansa take ɗauke da shi.

A littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka, ya yi kira da a koyar da yara da harsunansu, a kuma haɗa karatu da aikin hannu. Labarin zaren LIGO ya yi daidai da wannan kira. Mutum uku ne suka karɓi Nobel, amma sunaye sama da 1,000 ne a kan takardar da ta sanar da binciken 2015, kuma a cikinsu akwai masu jan gilashi, da masu walda, da masu kula da famfon iska, da masu rubuta manhajar kwamfuta.

Ƙofa ɗaya a buɗe take tun yanzu. LIGO da Virgo da KAGRA suna sakin bayanan da suka tattara a intanet kyauta, har da darussan yadda ake nazarinsu. Ɗalibin kimiyya a Jami'ar Ɗan Dicko Ɗankoulodo ta Maraɗi, ko a Bayero ta Kano, in yana da kwamfuta da data da ɗan sanin harshen manhaja na Python, zai iya sauke saƙon 14 ga Satumban 2015 ya tace shi da kansa. A cikin bayanan, kusa da kaɗawa 500 a daƙiƙa, zai ga wasu dogayen layuka a tsaye. Muryar zaren gilashin ce, kuma sai ya cire ta kafin ya ji karon baƙaƙen ramukan sosai.